Kafin a yi maganar sauri, a fara gano ƙofar gidan

Tun 2005, lokacin da Amazon ya fito da tsarin Prime ya yi wa masu biyan kuɗin shekara alkawarin kai musu kaya cikin kwana biyu, harkar sayayya ta intanet ta kamu da ciwon duba agogo. A 2019 kamfanin ya ce kwana biyu ya yi yawa, zai mayar da shi ɗaya. Wasu suka ce su a ranar za su kawo. Ana haka sai ga masu rantsuwa cewa kafin minti goma sun ƙwanƙwasa maka ƙofa. Yanzu duk wanda ya buɗe baki zai yi maganar gyara harkar kai kaya, abin da yake nufi shi ne a ƙara gudu.

Ni ban yarda ba. A ganina abin da ya fi cin kuɗi, ya fi ɓata wa mai saye rai, ya kuma fi gajiyar da mai kai kayan, shi ne zuwan banza: an ɗauko kaya, an zo, ba a gane gidan ba ko ba a tarar da kowa ba, an koma da shi. Kamfanin da ya magance wannan ya yi rabin aikinsa, ko da kayansa kwana huɗu yake yi a hanya. Wanda bai magance ba kuwa, duk gudun da direbobinsa za su yi, asara zai yi ta tafkawa.

A duba tafiyar da kaya ke yi. Doguwar hanyar, wadda mutum zai zata ita ce mai tsada, ita ce mafi araha. Tun da ɗan kasuwar Amurka Malcom McLean ya loda kwantena 58 a jirgin ruwan Ideal X daga Newark zuwa Houston a 1956, kuɗin tsallaka teku ya yi ta faɗuwa. A yau jirgi ɗaya na iya ɗaukar ƙananan kwantena 20,000, ma'aikatan cikinsa kuma ba su kai talatin ba. In aka raba kuɗin man jirgin da albashinsu a kan kowace riga ko cajar waya da ke ciki, abin da zai faɗo wa ɗaya bai taka kara ya karya ba. Daga tashar ruwa tirela ta kwasa zuwa babban sito, nan ma kaya dubbai ne ke raba kuɗin mota ɗaya. Sai an zo zangon ƙarshe lissafi ke juyewa: mutum ɗaya, ƙunshi ɗaya, ƙofa ɗaya. A nan babu wanda za a raba kuɗin da shi.

A ce direba ya fito da ƙunshi 120, yana da awa takwas. Minti huɗu ke nan kowane ƙunshi ya samu, har da tuƙi, da neman wurin tsayawa, da laluben kwalin a bayan mota. To, ga shi ya iso wani layi, taswirar wayarsa ta ce ya zo, amma gine-gine uku ne a wurin kuma babu mai lamba. Ya kira lambar da ke jikin kwalin, ta yi ta ringin ba a ɗauka ba, don mai ita na wurin aiki kuma ba ya amsa baƙuwar lamba. Ya sake kira. Ya tambayi wani mai wucewa, ya ce shi ma baƙo ne. Ya leƙa ƙofar farko ya dawo. Minti goma sha biyu sun tafi, rabon mutum uku ke nan, kwalin kuma ya koma mota. Da yamma za a sauke shi a sito, wani ya sake karanta lambarsa, a sake jera shi, gobe a sake loda shi. Mai kayan kuma zai kira ofis yana faɗa, a sa wani ma'aikacin ya ba shi haƙuri. Ciniki ɗaya aka yi, an biya kuɗin kai shi sau biyu da ɗoriya.

Japan ce ta fi kowa ɗaukar wannan matsala da gaske, don ita har ƙidaya take yi. Ma'aikatar sufurin ƙasar na bibiyar yawan ƙunshin da sai an sake komawa da shi, kuma a 2017 adadin ya kai kusan kashi 15 cikin 100. A wannan shekarar ce kamfanin Yamato, babban mai kai kaya gida-gida a ƙasar, ya ga abin ya fi ƙarfin direbobinsa. Ya ƙara kuɗin aike a karon farko cikin shekara 27, ya biya ma'aikata bashin kuɗin ƙarin lokaci da suka yi ba a biya su ba, ya kuma soke zaɓin kai kaya tsakanin ƙarfe 12 da 2 na rana domin direba ya samu ya huta. Daga Afrilun 2024 kuma doka ta taƙaita ƙarin lokacin aikin direbobin manyan motoci zuwa awa 960 a shekara. Ƙasar da ta yi suna wajen cika lokaci ke nan, da tura ta kai bango ba ta ce a ƙara gudu ba, ta ce a rage zuwa sau biyu.

Gyaran farko na adireshi ne, kuma shi ne wanda ba ya burge kowa. Ba a kiran 'yan jarida a yanka kyalle don an sa wa ƙofa lamba. Amma a dubi Ireland. Kafin 2015, sama da kashi ɗaya cikin uku na adireshin ƙasar ba na gida ɗaya ba ne: gidaje da yawa a karkara sunan yanki ɗaya suke amfani da shi, sai dai ma'aikacin gidan waya ya san iyalan da ka. Wannan na yiwuwa muddin mutum ɗaya ne ke zagaya yankin shekara da shekaru. Da sayayyar intanet ta kawo baƙin direbobi na kamfanoni daban-daban, sai asiri ya tonu. Ƙasar ta fito da Eircode, lamba mai harafi da alƙalami bakwai, kowane gida da tasa. Dubai ma a shekarar ta ba kowace ƙofar shiga gini lamba mai alƙalami goma da ake kira Makani. Google na da nasa tsarin na Plus Codes, wanda ke ba kowane ɗan fili a duniya lamba ko da babu sunan titi.

Ra'ayina a nan a fili yake: adireshi kayan jama'a ne kamar titi da gada, aikin hukuma ne ta samar da shi ta kuma bar shi a buɗe ga kowa. In aka bar wa kamfani ɗaya, ranar da ya ga dama zai sa kuɗi, ƙananan masu kai kaya su koma lalube. Kuma lambar da ke kai mai kawo takalmi ƙofarka ita ce za ta kai motar asibiti da ta kashe gobara. Amma kafin hukuma ta motsa, akwai abin da kamfani zai yi da kansa ba tare da ya kashe wani abin kirki ba. Duk ranar da direba ya yi nasarar miƙa kaya, wayarsa ta san daidai inda yake tsaye. A ajiye wannan wurin, da izinin mai gidan, tare da ɗan bayanin da direban ya rubuta: ƙofar baya ake bi, ƙararrawar ba ta aiki, hawa na uku. Abin mamaki ne a ce an kai wa mutum kaya sau goma, a na sha ɗaya sabon direba ya sake farawa daga tambayar masu wucewa.

Gyara na biyu ya fi wannan tsauri, domin yana taɓa abin da aka saba wa mutane da shi: ba kowane kaya ne ya kamata a kai har ƙofa ba. A 2001 kamfanin gidan waya na Jamus ya fara gwada akwatunan Packstation, jerin durowoyin ƙarfe da ake girkewa a bakin titi ko tashar jirgi. Direba ya zuba kaya, saƙo ya shigo wayar mai saye, ya zo lokacin da ya ga dama ya buɗe da lambar sirri. A Poland kamfanin InPost ya fara nasa a 2009, yanzu yana da sama da 20,000 a ƙasar, kuma ɗimbin masu saye a can da kansu suke zaɓar akwatin ko da an ba su zaɓin gida. China, wadda yawan ƙunshin da ake aikawa a cikinta ya haura biliyan 100 a 2021, ba ta iya wannan lodi ba sai da tashoshin karɓar kaya na unguwa irin na Cainiao, inda ake tara na mutanen layi ɗaya a wuri guda. Lissafin ba ya buƙatar dogon bayani. Direban da ke ba kowace ƙofa minti huɗu zai tsaya sau ɗaya ya sauke ƙunshi hamsin, kuma akwati ba ya fita unguwa, ba ya ƙin ɗaukar waya.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Tsoho mai ciwon gwiwa fa? Mai keken guragu fa? Wanda ya sayi firji fa? Waɗannan ƙofa ce hakkinsu, kuma in aka rage wa direba sauran lodin ne ma zai sami lokacin hawa bene ya miƙa musu a natse. Ƙorafin da ya fi damuna shi ne na cunkoson akwatunan kansu: kowane kamfani ya dasa nasa, ya hana na wani shiga, a wayi gari kwanar titi ɗaya na da akwati huɗu kowanne rabinsa wayam, mai saye kuma yana yawo tsakaninsu. Singapore ta kauce wa wannan a 2021 da ta kafa akwatunan Pick, waɗanda kowane kamfanin kai kaya ke iya zuba nasa a ciki. Wannan ne tsarin da nake goyon baya. Kamfanoni su yi gasa a kan farashi da riƙon amana, amma ramin da ake zuba kayan ya zama na kowa.

Shi kuwa saurin da ake ta yi wa kirari, tarihinsa bai yi kyau ba. Webvan ya tashi a Amurka da alkawarin kai cefane gida cikin ƙayyadadden rabin awa da mai saye ya zaɓa, ya sa hannu a kwangilar dala biliyan ɗaya da kamfanin Bechtel don gina manyan sito, ya durƙushe a 2001. A shekarar ce Kozmo, mai kai ƙananan kaya kyauta cikin awa ɗaya, shi ma ya rufe. Bayan shekara ashirin aka maimaita wasan da sabbin 'yan wasa. Gorillas na Jamus ya yi alkawarin minti goma, Getir na Turkiyya ya saye shi a ƙarshen 2022, a 2024 kuma Getir ɗin ya tattara nasa ya nasa ya fice daga Birtaniya da Jamus da Holan da Amurka. Sauri ya haifi nawa. Dalilin bai sauya ba: in ka yi alkawarin minti goma, ba ka da damar jiran oda ta biyu daga layin kafin ka tashi ɗan aike. Ka kashe tarawa, ita kuwa tarawa ita ce kaɗai abin da ke sa harkar sufuri ta yi riba.

Haka ma jirage marasa matuƙi. A Disambar 2013 Jeff Bezos, wanda ya kafa Amazon, ya fito a talabijin ya nuna wanda zai riƙa kai kaya cikin rabin awa, ya ce nan da shekara huɗu ko biyar. Shekara goma ta wuce, abin bai fi 'yan garuruwa ƙalilan ba. Inda irin wannan jirgi ya yi amfani na gaske shi ne Ruwanda, inda Zipline ya fara kai jini asibitocin karkara a 2016. Can minti ɗaya na iya zama rai. Murfin waya ba jini ba ne.

Ba ina cewa duk sauri yaudara ba ne. Akwai na halak, kuma ba daga ƙafar direba yake fitowa ba, daga inda aka ajiye kayan yake fitowa. JD.com na China ya daɗe da tsarin cewa in ka yi oda kafin ƙarfe 11 na safe za ta iso a ranar, ya kuma iya hakan ne don ya gina sito kusa da biranen da yake ciniki. Amazon ma a 2023 ya karkasa Amurka gida takwas, domin yawancin oda ta fito daga siton yankin mai saye maimakon ta keta ƙasar. Kaya ya yi gajeriyar tafiya, hannu kaɗan ya taɓa shi, kuɗi ya ragu, sauri kuma ya zo a matsayin gyara. Wannan na yarda da shi. Sai dai yana buƙatar sanin abin da mutanen kowane yanki za su saya kafin su saya, da jarin da ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da shi. Shi ƙaramin, in ya ce zai kwaikwayi alkawarin ba tare da siton ba, direbansa ne zai biya.

Wannan ya kawo ni kan kalmar da na fi tsana a shafukan sayayya, wato a ce kawowa kyauta ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ko dai an cusa kuɗin cikin farashin kayan, wanda ke nufin mai haƙurin jiran mako ɗaya na tallafa wa mai gaggawa, ko an matse ƙaramin mai sayarwa, ko an matse mai kai kayan. Da za a rubuta wa mutum gaskiya a gabansa, ga kuɗin kawowa gobe har ƙofa, ga na kwana huɗu, ga na akwatin unguwa, ga ragin da za ka samu in ka bari a haɗa maka odarka uku a kwali ɗaya, da yawa za su zaɓi mai sauƙin. Yanzu ba a ba su dalilin yin haka ba, tunda duk farashin ɗaya ne a idonsu.

Mayar da kaya ma haka. A Tarayyar Turai doka ta ba mai saye ta intanet kwana 14 ya fasa ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma doka ce mai kyau, don mutum bai taɓa kayan da hannunsa ba. Amma da aka ɗora kyauta a kanta, sai aka koya wa mutane yin odar riga ɗaya a girma uku su mayar da biyu. Tafiyar komawa ta fi ta zuwa wahala: sai an buɗe, an duba, an sake naɗewa, wani lokacin kuɗin hakan ya fi darajar rigar, a ƙarshe a lalata ta. Sai da Faransa ta yi doka a 2020 ta hana lalata kayan da ba na ci ba waɗanda ba a sayar ba. Kamfanin tufafi na Zara ya fara cajin kuɗin mayarwa ta aike a Birtaniya a 2022, wasu suka bi sahu. Na fi son a fara da gyara hoto da awon da ake sawa a shafi, domin mai yawa daga abin da ake mayarwa laifin bayanin ƙarya ne ko na ganganci, amma ban ga aibin ɗan caji ga wanda ya mai da abin sana'a ba. Kwalin kansa ma abin dubawa ne. Tun 2015 kamfanonin kai kaya UPS da FedEx ke cajin duk kayan da suke kaiwa ta ƙasa a Amurka bisa girman kwali in ya zarce nauyinsa, saboda mota cika take yi da iska tun kafin ta cika da kaya.

Saura mutumin da ke riƙe da sitiyari. Manhajar tsara hanya abu ce mai amfani, ba na musu. UPS ya ce tsarinsa na ORION, wanda har kwanar hagu yake rage wa direbobi don kada su tsaya jiran motocin da ke tahowa, na rage masa tafiyar mil miliyan 100 a shekara. Amma manhaja ba ta san cewa makarantar da ke kan layin na tashi ƙarfe biyu titi ya toshe ba, direban da ya shekara a unguwar ya sani. Kamfanin da ke sauya direbobi kamar riga saboda ƙarancin albashi yana zubar da wannan sani kullum, sannan ya dawo yana mamakin yawan kayan da ke komowa. In kuma ana biyan mutum ne bisa ƙunshin da ya sauke kawai, an koya masa ya jefar a bakin ƙofa ya danna cewa an karɓa. Mai saye ya ga saƙon an kawo, ya fito bai ga komai ba. Spain ta yi doka a 2021 da ta ɗauki masu kai kaya na manhajoji a matsayin ma'aikata, ta kuma ba wakilansu ikon sanin ƙa'idojin da manhajar ke bi wajen raba musu aiki. Ana iya jayayya kan sashen farko, an kuma yi. Na biyun ban ga mai hujjar ƙin sa ba.

Da ni ke da iko a kan masu sa ido a harkar, abu ɗaya zan tilasta wa duk babban kamfanin kai kaya: ya riƙa wallafa, duk wata uku, kashi nawa na kayansa ne ya isa hannun mai shi a zuwan farko kuma a cikin lokacin da aka yi alkawari, a rarrabe birni da karkara, kuma wani na waje ya tantance alƙaluman. Kamfanonin jiragen sama a Amurka sun daɗe suna miƙa wa hukuma irin wannan rahoto kan tashi da sauka a kan lokaci, duk mai so yana dubawa kafin ya sayi tikiti. Kamfanonin kai kaya suna da nasu alƙaluman tuni, kowace safiya manajojinsu na kallon su a allo. Ɗan kasuwar da ke neman wanda zai ba amanar kayansa da mai sayen da zai zauna jira ne kawai ba a nuna wa.